Rangadin kamfani ko fita da ƙafarka: yadda sabon fasinjan jirgin ruwa zai yanke shawara a kowace tasha

Wanda ya sayi tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a karo na farko yakan ɗauka cewa ya gama da batun kuɗi, tunda ɗakin kwana da abinci da tafiyar kanta duk suna cikin abin da ya biya. Tun kafin ranar tashi ta zo, sai kamfanin jirgin ya fara aiko masa da saƙonni yana tallata masa wani abu daban, wato rangadin da yake shiryawa a kowane garin da za a yada zango, kowanne da farashinsa. Irin waɗannan jirage, musamman masu zagaya Bahar Rum da Tekun Fasha, cikin dare suke tafiya, su wayi gari a sabuwar tasha, su tsaya na kimanin sa'o'i takwas zuwa goma, sannan su ɗaga da yamma. Waɗannan 'yan sa'o'i su ne duk rabon da fasinja yake da shi a garin, kuma hanya biyu ce a gabansa: ko dai ya biya kamfanin ya saka shi a motar safa tare da ɗan jagora, ko kuma ya sauka tudu ya nemi hanyarsa da kansa.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin shawara guda da ake yankewa sau ɗaya domin tafiyar gaba ɗaya, mai tsoro ya saye rangadin kowace rana, mai ƙarfin hali ko mai tsimi kuma ya ƙi sayen ko ɗaya. A ganina dukansu sun yi asara. Kowace tasha da irin nata hukunci, kuma abin da ya fi komai nauyi wajen yanke shi tambayoyi biyu ne: mene ne nisan da ke tsakanin inda jirgin ya tsaya da abin da mutum yake son gani, kuma wane hali zai shiga idan ya dawo ya tarar jirgin ya tafi. Tambaya ta biyu ta fi tsanani ga mai riƙe da fasfon Najeriya ko Nijar fiye da Baturen da ke kwana a ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa, kuma zan dawo kan dalilin haka.

Ya kamata a fara da sanin yadda rangadin kamfani yake gudana. Da sassafe ake tara waɗanda suka biya a babban ɗakin kallo na jirgin, a manna wa kowa wata 'yar takarda mai lamba a ƙirjin rigarsa, a riƙa kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya. Idan aka kira taka, ka bi ayarin mutum arba'in ko hamsin zuwa ƙofar fita, ka miƙa katinka na jirgi a duba shi a na'ura, ka sauka ka tarar da jerin motocin safa kowacce da lambarta a gilashin gaba. Ɗan jagora yana riƙe da wani ƙaramin allo a kan sanda domin kada a ɓace masa cikin cunkoso, yakan kuma raba wa kowa ɗan abin sawa a kunne don a ji bayaninsa daga nesa. Daga nan har dawowa, shi ne mai agogo: minti ashirin a nan, minti arba'in a can, kuma ayarin duka yana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa nawa. Duk wanda ya taɓa shiga motar ziyara a Madina, aka kai shi Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini a safiya ɗaya, aka ƙarasa da shi kasuwar dabino, ya san yanayin: an ga ko'ina, ba a zauna a ko'ina ba, kuma tsayawar ƙarshe ta ciniki ce. A Kusadasi ta Turkiyya, alal misali, rangadin tsohon birnin Afisa sau da yawa yana ƙarewa ne a shagon darduma ko na kayan fata, inda mai shago da mai kawo baƙi suke da fahimtar juna a tsakaninsu.

Akwai wani abin da sabon fasinja bai cika sani ba, shi ne cewa kamfanin jirgin ba shi ne yake gudanar da rangadin da hannunsa ba. Motar da direban da ɗan jagoran duk na wani kamfani ne na garin, wanda aka ƙulla yarjejeniya da shi, kamfanin jirgin kuma ya ɗora ribarsa a kai. Shi ya sa akan tarar da rangadi iri ɗaya, zuwa wuri ɗaya, ana sayar da shi a intanet ko a bakin tasha da rahusa mai yawa. Tambayar da ta dace ita ce: wannan ƙarin kuɗin da ake biya ta hannun jirgi, me yake saya wa mutum?

Babban abin da yake saya alkawari ne. Manyan kamfanonin jiragen suna ɗaukar alkawarin cewa idan motar rangadinsu ta makara saboda cunkoson hanya ko lalacewa, jirgin zai jira ta, idan kuma jiran ya gagara za su ɗauki nauyin kai fasinjojin tasha ta gaba. Wanda ya fita da ƙafarsa ba ya cikin wannan alkawari. A bakin ƙofar fita akwai allo da ake rubuta lokacin da dole kowa ya kasance a ciki, wanda yawanci rabin sa'a ne kafin lokacin tashi, kuma an rubuta shi a takardar shirin ranar da ake ajiyewa a ɗaki tun daren jiya. Idan lokacin ya yi, na'urar da ke duba katuna ta nuna waɗanda ba su dawo ba, a kira sunayensu a lasifika ko an yi kuskure, wani lokaci kyaftin ya ɗan yi haƙuri na 'yan mintoci, daga nan a janye tsani. Ba rashin tausayi ke sa haka ba. Matsayar jirgi a tasha haya ce ta ƙayyadajjen lokaci, akwai matuƙin tasha da aka tsara zai hau ya fitar da jirgin, wasu tasoshin sai an yi la'akari da cikar ruwa da janyewarsa, kuma duk sa'ar da aka ɓata sai an rama ta da gudu cikin dare, gudu kuwa mai yake ci ba kaɗan ba. Jirgin da ke ɗauke da fasinja dubu huɗu ko dubu shida ba zai jinkirta safiyar dukansu saboda mutum biyu ba.

A cikin watan Maris na 2024 an ga yadda abin yake a nan kusa da mu. Jirgin Norwegian Dawn, wanda ke bin gaɓar Afirka ta yamma, ya tsaya a tsibirin Sao Tome, sai wasu fasinjoji takwas suka tafi rangadin da suka shirya da wani mai jagora na garin, suka dawo bayan lokacin da aka ƙayyade wa ƙaramin jirgi na ƙarshe mai mayar da mutane. Suna tsaye a gaɓa suna hangen jirgin nasu bai riga ya ɗaga ba, amma ba a ɗauke su ba. An miƙa fasfunansu ga wakilin jirgin a tashar, sauran kayansu kuwa, har da magunguna, suka yi gaba. Sun bi ta ƙasashe da dama suka isa Banjul ta Gambiya, jirgin bai samu damar tsayawa a can ba, sai a Dakar suka sake hawa bayan kwanaki. Waɗannan mutane Amurkawa ne da 'yan Ostireliya, masu fasfon da ke buɗe ƙofofi da yawa, amma duk da haka sun sha wuya.

To, a nan ne batun fasfo ya shigo. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da zai hau jirgin da ke zagaya Italiya da Faransa da Sifaniya da Girka yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuma idan hanyar jirgin ta fita daga yankin ta sake komawa, misali ta taɓa Turkiyya ko Montenegro ko Tunisiya ko Maroko a tsakiyar tafiya, dole bizar ta kasance mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Kamfanonin jiragen sukan hana mutum hawa tun daga tashar farko idan ba shi da cikakkun takardun dukan ƙasashen da za a ratsa, ko da ya ce shi ba zai sauka a wata tashar ba, kuma kuɗin tikitinsa ba lallai ya dawo ba. Bayan haka akwai ƙasashen da suke sassauta wa fasinjan jirgin ruwa mai tsayawar 'yan sa'o'i, su bar shi ya sauka da katin jirgi ko da takardar wucin gadi, amma wannan sassauci ba ya bin mutum zuwa filin jirgin sama. Saboda haka idan jirgi ya bar Bature a wata tasha, tikitin jirgin sama da kuɗin otal kawai zai biya ya cim masa gobe. Idan ya bar ɗan uwanmu, mai yiwuwa ne tasha ta gaba tana ƙasar da ba shi da izinin shiga ta sama, ya zama sai ya tsallake ta ya jira a ta bayanta, ko ma tafiyar ta ƙare masa a nan. Duk wanda zai fita da kansa ya kamata ya duba tashar gobe kafin ya duba ta yau. Idan gobe ma cikin yankin Schengen ake, kuma akwai jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu, kamar daga Genoa zuwa Civitavecchia a Italiya, makara asarar kuɗi ce da ɓacin rai. Idan gobe a wata ƙasa ce daban ko kuma wuni za a yi a tsakiyar teku, makara ta zama babbar matsala, kuma a irin wannan rana ƙarin kuɗin rangadin kamfani ya cancanci a biya shi.

Wasu ƙasashen ma sukan ɗaura izinin sauka a kan shiga rangadi mai lasisi. Haka abin yake a Saint Petersburg ta Rasha kafin manyan jirage su daina zuwa a 2022: fasinja yana iya shiga gari ba tare da biza ba har tsawon sa'o'i 72, da sharaɗin yana tare da kamfanin rangadin da hukuma ta amince da shi. Dokoki irin waɗannan suna sauyawa, kuma suna bambanta daga fasfo zuwa fasfo, don haka amsar da za a dogara da ita ita ce wadda kamfanin jirgin ya bayar a rubuce game da fasfon da mutum yake riƙe da shi, tasha bayan tasha.

Sai batun nisa, wanda takardun talla suke ɓoyewa da wayo. Za ka ga an rubuta Roma a jerin garuruwan da za a je, alhali jirgin a Civitavecchia zai tsaya, kimanin kilomita 80 daga birnin. Florence ta takarda ita ce Livorno, tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi. Tun watan Agusta na 2021 da Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, sunan birnin a takarda yana iya nufin Marghera da ke gefensa, yana kuma iya nufin Ravenna ko Trieste, waɗanda suke da tazarar sa'o'i biyu ko fiye. Alƙahira ta takarda Iskandariyya ce, kilomita fiye da 200, wato kimanin sa'o'i uku zuwa da uku dawowa kafin a ga dalolin Giza. Daga Safaga a Bahar Maliya zuwa Luxor ma haka abin yake ko ya fi. Daga Aƙaba ta Jodan zuwa tsohon birnin Petra sa'o'i biyu ne a mota, sannan a sauka a taka da ƙafa ta cikin wani matsattsen tsagin dutse mai tsawon fiye da kilomita ɗaya kafin a ga fuskar ginin da aka sassaƙa a jikin dutsen. A waɗannan wurare na Masar da Jodan ban ga hikimar sabon fasinja ya yi kasada da tasi ɗin da ya tsinta a bakin tasha ba. Hanya ɗaya ce doguwa, faci ɗaya ko shingen bincike ɗaya ya isa ya cinye ratar da ya bari, kuma motocin kamfani da suka tafi tare cikin jerin gwano su ne kyaftin zai jira.

Roma ta fi ɗaukar muhawara, domin akwai jirgin ƙasa. Wanda zai tafi da kansa zai fara hawa motar tasha daga gindin jirgi zuwa ƙofar fita, daga can ya taka ko ya hau bas zuwa tashar jirgin ƙasa, sannan ya yi kusan sa'a ɗaya zuwa tashar San Pietro da ke kusa da Fadar Vatican, ko ya ƙara gaba zuwa Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin. Tikitin bai kai Yuro 10 ba, alhali rangadin wuni guda na kamfani yakan haura Yuro 100 ga mutum ɗaya. Bambancin yana da yawa, kuma mutane da dama suna yin wannan tafiya lafiya kowace rana. Amma idan aka lissafa, daga ɗakin kwana zuwa tsakiyar Roma sa'o'i biyu ne, dawowa ma haka, ga kuma yajin aikin ma'aikatan sufuri da ba baƙon abu ba ne a Italiya. Akwai matsakaiciyar hanya da kusan kowane kamfani yake sayarwa, ita ce motar da za ta kai ka tsakiyar birni ta sauke ka, a gaya maka wurin haɗuwa da lokaci, ka yi yawonka kai kaɗai na sa'o'i biyar ko shida. Ta fi jirgin ƙasa tsada, ba ta kai cikakken rangadi ba, kuma tana ƙarƙashin alkawarin jira muddin ka iso wurin motar a kan lokaci. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ita nake ganin ta fi dacewa da Roma da Florence.

A ɗaya gefen kuma akwai tasoshin da biyan kuɗin rangadi a cikinsu kusan ɓarnar dukiya ne. A Valletta ta Malta jirgi yana tsayawa ne a gindin ganuwar birnin, ka ɗan taka ka hau na'urar hawa mai tsawon mita 58 ta ajiye ka a lambun Barrakka, duk tsohon garin yana gabanka. A Kotor ta Montenegro ƙofar gari tana tsallaken titi daga gaɓa. A Dubrovnik ta Kuroshiya kilomita uku ne kacal daga tashar Gruž zuwa tsohon gari, da bas na haya yana kai da kawowa. Barselona, Maskat inda kasuwar Matrah take daf da tasha, da Santambul inda tashar Galataport da aka buɗe a 2021 take kusa da layin jirgin titi mai zuwa Sultanahmet, unguwar tsofaffin gine-ginen tarihi, duk garuruwa ne da mutum zai iya ganin hanyar komawarsa da idonsa, kuma ko abin hawa ya gagara tasi na 'yan mintoci zai fitar da shi. A irin waɗannan wurare ne ya kamata sabon shiga ya koyi fita da kansa, ya zauna a inda ransa ya so, ya sha shayi ba tare da wani yana ɗaga masa allo ba.

Tasoshin da jirgi ba ya iya matsowa gaɓa suna da nasu hukunci na daban. A can jirgin yakan tsaya a cikin ruwa, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage, kuma waɗanda suka sayi rangadin kamfani su ake fara fitarwa, sauran su karɓi lamba su jira, wani lokaci har hantsi. Lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe ma yakan riga lokacin tashi da tazara mai ɗan yawa. Santorini ta Girka ita ce misalin da ya fi fitowa fili. Garin Fira yana can bisa ƙwanƙolin dutse, tsohuwar tasha kuma tana ƙasa, kuma abin da ya haɗa su shi ne keken igiya mai jeri biyu na ƙananan akwatuna shida-shida, kowanne na ɗaukar mutum shida, sai kuma matakala kusan 600 da jakuna da alfadarai suke bi, masu santsi da kashin dabbobi. Da safe matsalar hawa ce. Da la'asar, idan jirage uku ko huɗu suna tsaye a ƙasa, layin masu jiran sauka yakan miƙe ya bi lungunan garin, mutane suna tsaye cikin rana suna kallon agogo suna kuma hangen jirginsu can ƙasa a kan ruwa. Masu rangadin kamfani ana sauke su da safe a wata tasha daban mai suna Athinios inda motoci ke jira, su tsallake wahalar hawa, amma da yawa daga cikin rangadin a Fira suke ƙarewa, a bar kowa ya sauka da kansa. Ke nan a Santorini tikitin kamfani yana sauƙaƙa safiya ne kawai, yamma kuwa kowa sai ya yi wa kansa lissafi ya shiga layi da wuri.

Batun kuɗi yana sauya fuska idan iyali ne. Magidanci da matarsa da 'ya'ya uku, idan rangadi ɗaya ya kai Yuro 100 ga kowane kai, sun tashi a wajen Yuro 500 a tasha ɗaya, ko da an yi wa yara ɗan rangwame, kuma tafiyar mako guda tana da tasoshi biyar ko shida. Ba abin mamaki ba ne kuɗin rangadi ya kusa kama kuɗin tikitin jirgin kansa. Ga irin wannan iyali, ɗaukar ƙaramar mota da direba ta hannun wani sanannen kamfanin gari, wanda aka shirya da shi tun daga gida, yakan fi arha, ya kuma ba su ikon tsayawa inda suka ga dama. Kamfanonin da suka saba da fasinjojin jirgin ruwa suna kiyaye lokaci ƙwarai domin sunansu ya dogara a kan haka, wasunsu ma suna ɗaukar nasu alkawarin kai mutum tasha ta gaba, sai dai ba su da ikon tsayar da jirgi. Akwai kuma wani bambanci da ake mantawa da shi. Iska ko igiyar ruwa kan sa kyaftin ya soke wata tasha gaba ɗaya, abin da ke yawan faruwa a tsibirin Mykonos na Girka da sauran wuraren da ake amfani da ƙananan jirage. Idan haka ta faru, kuɗin rangadin kamfani yana komawa asusun fasinja kai tsaye, amma wanda ya biya wani a waje sai abin da sharaɗin yarjejeniyarsu ya ce, don haka a karanta sharaɗin sokewa kafin a tura kuɗi.

Mai fita da kansa yana kuma ɗaukar nauyin sanin ranaku da tikitoci. Gidajen tarihi na Vatican a rufe suke ranar Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata. Fadar Topkapi ta Santambul ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwarta mai rufi kuma ranar Lahadi take hutu. Tun 2023 Girka ta ƙayyade masu hawa Acropolis, tudun tsofaffin gine-gine na birnin Atina, zuwa mutum 20,000 a rana, kowa da sa'ar shigarsa, kuma a lokacin tsananin zafi hukuma kan rufe wurin da tsakar rana. Fadar Alhambra da ke Granada ta Sifaniya, wadda ake zuwa daga tashar Malaga a tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi, tikitinta da sunan mutum ake yanka shi, da lokacin shiga fadojin sarakunan Banu Nasr a jiki, kuma a lokacin bazara yakan ƙare tun makonni kafin ranar. Wanda ya daɗe yana burin ganin abin da ya rage na Andalus, idan bai samu tikiti da kansa ba, rangadin kamfani kan zama ƙofar da ta rage masa, domin su sun tanadi nasu kason.

Akwai abin da takardar talla ba ta yi la'akari da shi ba, amma yana da muhimmanci ga yawancin masu karanta wannan, wato salla da abinci. Rangadin wuni guda ba ya ware lokacin salla, kuma abincin rana da aka haɗa a cikin farashi a Italiya ko Sifaniya yakan zo da naman alade da giya a kan tebur sai idan an nemi wani abu daban tun da wuri. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, kuma yawancin ranaku ana dawowa jirgi kafin faɗuwar rana, amma wanda yake so ya yi Juma'a a Masallacin Hassan na Biyu a Kasabalanka, wanda aka kammala a 1993 kuma bai da nisa da tasha, ko a Aya Sofiya ta Santambul da ta koma masallaci a 2020, rangadin kamfani ba zai yi masa amfani ba, domin an tsara shi ne don masu kallon gini, a sa'o'in da ba a salla. Musulmi ba ya buƙatar tikiti ko ɗan jagora kafin ya shiga ya yi ibada, kuma a irin waɗannan garuruwa fita da ƙafa ta fi ba shi abin da ya zo nema. Jiragen da ke tashi daga Jidda, kamar na kamfanin Aroya na Saudiyya da ya fara aiki a ƙarshen 2024, an tsara su ne da la'akari da waɗannan buƙatu tun daga tushe.

Game da tsaro, bai kamata a ɗauki motar kamfani a matsayin sulke ba. Da yawa daga cikin waɗanda harin gidan tarihi na Bardo a Tunis ya rutsa da su a watan Maris na 2015 fasinjojin jiragen ruwa ne da suka zo cikin motocin rangadi. Abin da rangadi yake karewa ya fi karkata ga ƙananan matsaloli: ɓata hanya, direban tasi mai tsawwala kuɗi, da rashin wanda zai yi magana da yaren gari idan wani ya faɗi ba shi da lafiya. Ga tsofaffi da masu ciwon ƙafa, a duba matakin wahala da ake rubutawa a jikin kowane rangadi, domin titunan dutse na tsohon birnin Pompeii a Italiya da hawan Acropolis ba sa sauƙi don kawai an zo da ɗan jagora.

Idan mutum ya auna tasha ya ga ta fita da ƙafa ce, abin da ya rage shi ne ya kiyaye agogo. Lokacin jirgi shi ne abin bi, kuma ba kullum yake daidai da na gari ba. Tsakanin Italiya da Girka akwai bambancin sa'a ɗaya, wayar hannu kuma takan sauya lokaci da kanta da zarar ta kama layin ƙasar, don haka agogon hannu da aka saita da allon bakin ƙofa ya fi aminci. Ya ɗauki hoton takardar shirin ranar, domin a jikinta ake buga suna da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha, wanda shi ne mutum na farko da za a kira idan an makara, kuma shi ake bar wa fasfon wanda aka bari. Ya sauke taswirar garin a wayarsa tun yana da intanet, ya riƙe tsabar kuɗin ƙasar da za ta isa tasi har bakin tasha tunda katin banki na gida ba lallai ya yi aiki ba, ya sa maganin da yake sha na kwana biyu a aljihu. Ya fara da wuri mafi nisa da safe ya riƙa matsowa kusa da tasha yayin da rana take yi, kuma idan jirgin ƙasa zai dawo da shi, ya zaɓi wanda akwai aƙalla biyu a bayansa da za su iya kawo shi a kan lokaci. A tashar da gari yake kusa, dawowa sa'a ɗaya kafin lokacin da ke kan allo ta wadatar. Daga Roma ko Florence kuwa, ya tsara isowa bakin jirgi da ratar sa'o'i biyu.